Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin gidajen rediyonmu: ku dawo mana da sa'ar makaɗan tsirkiya

Zuwa ga manajoji, daraktocin shirye-shirye da furodusoshin gidajen rediyon da ke watsa shiri da Hausa, na gwamnati da masu zaman kansu, a Najeriya da Nijar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Allah ya yi jagora.

Na rubuto wannan wasiƙa ne da yawun mutane iri biyu. Akwai tsofaffin masu sauraro irina, waɗanda suka girma da akwatin rediyo a gefen shimfiɗa. Akwai kuma samari da 'yan mata masu koyon jita, gurmi da kukuma, waɗanda muke haɗuwa da su jefi-jefi mu saurari tsofaffin faya-fayai. Su suka ce tunda ni ne mai yawan ƙorafi, in sa a takarda.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, kwanakin baya ɗaya daga cikin tashoshinku ta soke shirin dare na mako-mako wanda ake sa jazz da blues, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro, ana cakuɗa shi da na makaɗan tsirkiya na gida, ta sayar da sa'ar ga masu talla. Ba sanarwa, ba sallama. Mun kunna rediyo lokacin da muka saba, sai muka ji mai magani yana lissafo cututtukan da kwalba ɗaya ke warkarwa. Ba zan kama sunan tashar ba, domin ba ita ta fara ba. Ita ce dai ta ƙarshe da muka sani tana yi, shi ya sa maganar ta shafe ku duka.

Kafin in jero koke-kokenmu, ku ba ni dama in ba ku labarin wani makaɗin jita Ba'amurke mai suna Lonnie Johnson, domin ƙorafin namu na farko ba zai fito sosai ba sai da shi.

Sunansa na yanka Alonzo. An haife shi a birnin New Orleans, kudancin Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, a gidan da kiɗa gado ne. Ya fara da goge irin na Turawa a ayarin mahaifinsa, ya iya piyano da banjo, amma jita ce ta zama abin hannunsa. A 1917 ya bi wasu 'yan wasa zuwa Ingila. Da ya dawo a 1919 sai ya tarar annobar murar 1918 ta share mafi yawan danginsa. Shi da ɗan'uwansa James suka tattara suka koma St. Louis, inda ya riƙa kiɗa a jiragen ruwan da ke kai da komo a kogin Mississippi. A 1925 ya shiga gasar waƙar blues a wani gidan wasa mai sunan Booker T. Washington, ya ci, ladan kuwa kwantiragi ne da kamfanin faifai na Okeh. Daga wannan shekara zuwa 1932 ya yi wa kamfanin waƙoƙi da kiɗe-kiɗe wajen 130.

Abin da ya yi wa jita shi ne ya sa muke maganarsa yau. A wancan zamani jita 'yar rakiya ce a cikin ayari: ana share tsirkiyoyinta gaba ɗaya don a riƙe wa mawaƙi ko mai busa kari, ba ta da bakin kanta. Lonnie yana cikin na farko-farkon da suka fito da ita gaba. Yana taɓa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ya ja ta da yatsa har sautin ya lanƙwashe, ya girgiza ta har ta yi rawar murya irin ta ɗan Adam. A watan Disamban 1927, a Chicago, ya shiga ɗakin ɗauka da Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙaho a kiɗan jazz. A faifan da ake kira "Hotter Than That" akwai wurin da Armstrong ya sauke ƙahonsa yana rera sauti da baki ba kalma ko ɗaya, Lonnie kuma yana yi masa amshi da jita, wannan ya jefo, wancan ya mayar. A 1928 Duke Ellington, babban jagoran ayarin jazz, ya gayyace shi cikin nasa ayarin. Manyan da suka biyo baya, irin su T-Bone Walker da B.B. King, daga hannunsa suka ɗebo, kuma B.B. King bai taɓa ɓoye hakan ba. Duk yaron da yau yake jan tsirkiyar jita a Agadez ko Kano don ta yi kuka, yana cin gadon wannan mutum ko bai taɓa jin sunansa ba.

To, sai tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, kasuwar faifai ta mutu. Mutumin da ya zauna da Armstrong da Ellington ya koma leburanci a masana'antar ƙarfe. Ya sake ɗagowa a Chicago daga 1937. A 1948 waƙarsa "Tomorrow Night", wadda ya yi wa kamfanin King na Cincinnati, ta yi mako bakwai tana kan gaba a jerin faya-fayan baƙaƙen fata da aka fi saye. A 1952 ya sake zuwa Ingila, har wani saurayi mai suna Tony Donegan ya ajiye sunansa ya ɗauki na Lonnie don ƙauna. Daga nan yayi ya juya, samari suka koma wani kiɗan, aka daina jin ɗuriyarsa. A ƙarshen shekarun 1950 yana Philadelphia yana shara da goge-goge a otal ɗin Benjamin Franklin.

Ga inda maganar ta taɓa ku. A 1959 akwai wani mai gabatar da shirin jazz a tashar WHAT ta Philadelphia, sunansa Chris Albertson, wanda ya tashi a Denmark. Yana sa tsofaffin faya-fayai, yana faɗin sunayen waɗanda suka kaɗa, yana tambayar masu sauraro ko ina mutanen nan suka shiga. Ta haka ya gano Elmer Snowden, makaɗin banjo wanda a da shi ne shugaban ayarin da Ellington ya gada, yana aikin tsaron motoci a wurin ajiya. Ta haka kuma aka gano Lonnie Johnson a otal ɗinsa, a cikin garin da ake watsa shirin. A 1960 ya koma ɗakin ɗauka, ya yi sababbin faya-fayai, ɗaya ma tare da Snowden. A 1963 yana cikin ayarin mawaƙan blues da suka zaga Turai tare da Muddy Waters.

Ba ma'aikatar al'adu ce ta nemo shi ba, ba jami'a ba, ba kamfanin da ya ci ribar faya-fayansa ba. Mutum ɗaya ne a gaban makirufo, da sa'ar da tasharsa ta bar masa, da masu sauraro da suka bugo waya. Da a ce manajan tashar ya sayar da wannan sa'a wata ɗaya kafin nan, da shekaru goman ƙarshe na rayuwar Lonnie a bayan tsintsiya zai yi su.

Ƙorafinmu na farko ke nan. Shirin da aka soke ba nishaɗi kaɗai ba ne, shi ne wurin da ake tambayar ina wane yake. A ƙasarmu rediyo ta fi jarida, ta fi talabijin, ta fi intanet isa lungu. Idan ba ku tambaya ba, babu mai tambaya. Na san wani dattijo makaɗin kukuma wanda a da ake ɗaukarsa a mota zuwa biki gari-gari, yau gadin shaguna yake yi da dare. 'Yan unguwar sun san shi da baba mai gadi. Kukumar tana rataye a ɗakinsa, tsirkiyar ta tsinke, bai ga dalilin ɗaura wata ba. Yaranmu masu koyo sun wuce ta gabansa ba adadi ba su san wa suke wucewa ba. Tsohon shirin ne kaɗai wurin da za a iya sa faifansa a ce yana nan da ransa, ga garin da yake. Yanzu wannan ƙofa ta rufe.

Na biyu, kun daina faɗin sunaye. Wannan ya fi yi mini ciwo, don ba ya cin kuɗi ko kwabo. Ana ɗauko kiɗan gurmi ko goge a sa shi ya buɗe shirin siyasa, ko ya yi ta tafiya a ƙarƙashin muryar mai karanta sanarwar ɗaurin aure, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa cewa ga wanda ya kaɗa. Ɗaya daga cikin yaranmu ya kamu da son wani kiɗan da ke buɗe wani shirin safe, ya kwaikwaye shi da jita har ya iya. Ya buga waya tashar yana tambayar mai shi. Aka yi ta miƙa shi daga wannan tebur zuwa wancan, a ƙarshe aka ce masa "tun da muka zo muka tarar da shi". Shi ke nan amsar.

Lonnie ya san irin wannan. A 1928 da 1929 ya yi jerin faya-fayai na jita biyu da wani Bature ɗan asalin Italiya mai suna Eddie Lang, kuma har yau masana suna lissafa su cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ɗauka da jita. Amma a lokacin wariyar launin fata ta yi tsanani, ba a son a ga sunan fari da baƙi a jikin faifai ɗaya, sai kamfanin ya rubuta wa Lang sunan ƙarya, wai "Blind Willie Dunn", don masu saye su ɗauka wani makaho ne baƙar fata. Can wariya ce ta sa aka ɓoye suna. Mu nan ba mu da wannan uzuri, sakaci ne zalla. Illarsa kuwa a fili take: mai biki ba zai nemi makaɗin da bai san sunansa ba, ɗalibi ba zai je koyo wurinsa ba, iyalinsa ba za su iya neman haƙƙinsu ba. Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun tsira ne don sunansu ya fi ƙarfin a ɓoye. Amma ku tsayar da matashi ɗan shekara ashirin ku tambaye shi Haruna Uji da gurminsa, ko Garba Supa, ko Hassan Wayam da Ibrahim Na Habu da kukumarsu. Yana iya gane kiɗan idan ya ji, don kuna sa shi. Sunan ne bai sani ba, don ba ku faɗa.

Na uku, akwai hujjar da muka fi ji daga bakin ma'aikatanku, wai jazz da blues kiɗan Turawa ne, masu sauraron Hausa ba ruwansu da shi. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri.

Blues kiɗan jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Banjo, wanda Lonnie da Snowden suka kaɗa, daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma ya samo asali, dangin molo da gurmi, ƙwarya ce da fata da sanda kafin masana'anta ta mayar da shi ƙarfe. Wani masanin kiɗa ɗan Austiriya, Gerhard Kubik, wanda ya yi yawon ɗaukar sauti a Najeriya da Kamaru a shekarun 1960, ya fitar da bincike a 1999 inda ya kafa hujja cewa salon blues, wato mawaƙi shi kaɗai da abin tsirkiyarsa, yana jan murya yana lanƙwasa ta, ya fi kama da kiɗan yankinmu na kudancin Sahara, wanda masana ke kira Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Cikin misalan da ya kawo har da na Bahaushe makaɗin goge. Masana suna muhawara a kan iyakar wannan alaƙa, kuma ni ba zan ce Lonnie Johnson Bahaushe ba ne. Shi ɗan birni ne, ɗan New Orleans, kiɗansa goge yake tas, ya sha bamban da na manoman auduga na Mississippi. Amma ku sa faifan goge, ku bi shi da na blues, ku bar mai sauraro ya yanke hukunci da kunnensa. Tsohon shirin haka yake yi, kuma waya ba ta hutawa.

Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, ya sha faɗa cewa da ya fara jin John Lee Hooker, mawaƙin blues na Amurka, sai ya ji kiɗan gidansu ne aka kai can. Mu zo kusa ma. Mdou Moctar, makaɗin jitar Nijar da yanzu yake cika gidajen wasa a Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin na'urorin da ake yi wa waƙoƙin fina-finan Hausa aiki. Waƙoƙin suka bazu a Sahel daga waya zuwa waya, ta katin memori, kafin wani Ba'amurke ya ji ya nemo shi. A 2019 Bombino ɗan Agadez ya shiga jerin 'yan takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Duniya tana kiran abin da suke yi blues na hamada. Mutanen nan maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci. Me ya sa sai an yaba su a Landan da New York kafin mu ji su a Kano da Katsina, in ma mun ji?

Akwai wani ɓangare na wannan ƙorafi. Kun raba kiɗa gida biyu: "na zamani", wanda ake yi da kwamfuta, shi ke cin yini, da "na gargajiya", wanda ake tunawa da shi ranar Sallah ko ranar da wani babba ya rasu. Makaɗin tsirkiya mai rai, mai neman sabon abu, ba shi da gurbi a ko ɗaya. Lonnie ya yi fama da irin wannan keji har ya mutu. Don gasar da ya ci a 1925 ta blues ce, sai kamfanoni suka manna masa blues, alhali yana iya komai kuma yana son waƙoƙin soyayya masu taushi. Da aka sake gano shi a shekarun 1960, wasu Turawa masu sauraro sun zo suna tsammanin tsohon baƙauye mai kukan talauci, suka tarar da dattijo cikin kwat yana rera waƙar ƙauna, ransu bai so ba. Haka kuke yi wa yaranmu. Wanda ya haɗa gurmi da jita ya kawo muku, mai shirin gargajiya ya ce ya ɓata al'ada, mai shirin zamani ya ce ba ya rawuwa. Ya koma gida da abinsa. Wasu cikinsu sun jingine kayan kiɗan sun koma neman wanda zai haɗa musu kiɗa a kwamfuta, don nan kaɗai suka ga hanya.

Na huɗu, ma'ajiyarku. Abin da muka ji na Lonnie daga 1925 muna jin sa ne don an adana. An tattara tsofaffin faya-fayan garmaho, an wanke sautin, an sake fitarwa, yau yaro a Zinder zai iya sauko da su a wayarsa. Mu kuma tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, har ma kafin nan, ake ɗaukar makaɗanmu a tashoshi daban-daban na Arewa da Nijar. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wata tasha wajen neman wata tsohuwar waƙa. Faya-fayan zare suna cikin kwalaye a ƙasa, rufin yana yoyo, rubutun jikin wasu ya goge, na'urar da ke juya su ta lalace tun tuni. Ma'aikacin da ke kula da ɗakin mutumin kirki ne, ya san abin da ke cikin kowane kwali da ka, kuma saura kaɗan ya yi ritaya. Zaren kaset ba ya jira. Zafi da laima suna cin sa, wanda ya manne ya manne ke nan. Abin da ke cikin kwalayen nan babu kwafinsa a wani wuri a duniya.

Na biyar gajere ne, don kun san shi. Ba ku biya. Kuna samun kuɗin talla a kan shirin da kiɗan wani ke buɗewa yana rufewa, shi ko iyalinsa ba su ganin sisi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, Nijar tana da ofishin kula da haƙƙin masu fasaha. Ba rashin doka ba ne.

Ƙarshen Lonnie ya kamata ya ba kowa tsoro. A 1965 ya je wasa Toronto a Kanada, ya zauna can, ya buɗe ɗan gidan kiɗa nasa wanda bai daɗe ba ya durƙushe. A watan Maris na 1969 mota ta hau gefen titi ta buge shi yana tafiya, ta karya masa ƙugu. Sai da makaɗa suka shirya wasan neman taimako don a yi jinyarsa. Bai ƙara miƙewa sosai ba. A watan Fabrairun 1970 ya fito ya rera waƙa a zauren Massey Hall, Buddy Guy yana kaɗa masa jita. Ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1970. Aka kai gawarsa kusa da Philadelphia aka binne, kabarin ya yi shekaru sama da arba'in ba alama sai da masu sa kai suka tara kuɗi. Wannan a ƙasar da ake buga faifai miliyoyi ke nan. Mu da muka sha jin sanarwar neman taimako ga tsohon mawaƙi yana kwance asibiti, a tashar da ta yi shekaru tana sa waƙarsa kyauta, ba sai an yi mana bayani ba.

Mun san halin da kuke ciki. Dizal ya yi tsada, wutar lantarki sai an ga dama, albashi na jira, mai talla da sojojin baka su ke biyan kuɗin janareta. Ba mu ce ku kore su ba. Amma tashar da ta sayar da kowace sa'a ta zama kamar manomin da ya cinye irin shukarsa: bana ya ƙoshi, baɗi ba abin da zai sa a ƙasa. Makaɗan da za ku yi taƙama da su nan da shekara ashirin, yau ne suke neman inda za su ji abin koyi.

Ga abin da muke roƙo.

Tashar da ta soke shirin ta dawo da shi, sauran kuma kowace ta ware sa'a ɗaya a mako ga kiɗan tsirkiya, na gida da na waje tare, a lokacin da mutane ke farke. Kada a tura shi ƙarfe biyun dare a ce an cika alkawari. Idan kuɗi ne matsala, ku nema masa mai ɗaukar nauyi kamar yadda kuke nema wa shirin ƙwallon ƙafa. Ku gwada kafin ku ce babu.

Ku mayar da faɗin suna doka a ɗakin watsa shiri. Duk kiɗan da aka sa, ko na buɗe shiri ne, a faɗi wanda ya kaɗa, da abin da ya kaɗa, da garinsa. Wanda ba ku sani ba, ku sa shi ku tambayi jama'a. Ina tabbatar muku kafin shirin ya ƙare wani tsoho zai bugo daga Haɗejia ko Maraɗi ya ba ku suna har da na uban makaɗin.

A cikin wannan sa'a ku ware minti goma na cigiya. Ku sa tsohon faifai ku tambaya ko mai shi yana da rai, yana ina, wa ya gaje shi. Wanda aka samu a gayyato shi, a ba shi kuɗin mota da na aljihu, a ɗaura masa tsirkiya, a ɗauke shi da na'urar zamani tun yana iya riƙe abin kiɗan. Ku bar samari masu jita su zauna kusa da shi su kaɗa tare kai tsaye, ko da za a yi kuskure.

Ku ba da tarihin mutanen nan da Hausa. Mai gabatarwa ba sai ya zama farfesa ba. Minti biyar ya isa a faɗi wane ne Lonnie Johnson, daga ina T-Bone Walker ya ɗauko, me ya haɗa Ali Farka da John Lee Hooker. Cikinmu akwai waɗanda za su rubuta muku wannan kyauta.

Ku ceci ma'ajiya kafin damina mai zuwa. A ɗaga kwalaye daga ƙasa, a gyara rufi, wannan ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Sannan ku haɗa kai da sassan nazarin Hausa da na aikin jarida na jami'o'inmu, a gyara na'ura ko ɗaya ce, ɗalibai su juye zaren zuwa kwamfuta, a zaunar da tsofaffin ma'aikata su faɗi abin da ke cikin kowane faifai tun suna nan. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Ku fara biyan haƙƙi ta hanyar da doka ta tanada. Inda makaɗi ya rasu, a nemi iyalinsa.

Tashoshin Najeriya da na Nijar kuma ku riƙa musayar wannan shiri. Abin da ke ma'ajiyar Zinder da Yamai babu shi a Kano da Sakkwato, haka ma akasi, kuma yau aika sauti bai fi aika saƙon waya wuya ba.

Mun fara tattara sunayen tsofaffin makaɗan tsirkiya da muka san suna raye da garuruwansu, da izininsu, kuma muna da tarin faya-fayan jazz da blues na kanmu. Duk tashar da ta shirya, ta sanar a shirinta na amsa wasiƙun masu sauraro, za mu kawo mata da ƙafarmu. Muna kuma roƙon tashar da ta soke shirin ta fito ta gaya wa masu sauraronta dalili, da ranar da za ta dawo da shi.

Allah ya ƙara muku basira, ya albarkaci aikinku. Wassalam.

Naku,
Mai sauraro, a madadin tsofaffin masu sauraro da matasa masu koyon kiɗan tsirkiya.